Jinjina ga Masu Gadin Bugun Zuciya

Akwai ciwon zuciyar da ba ya sallama. Bugu ya rikice, zuciya ta koma karkarwa maimakon tura jini, cikin 'yan mintuna sai rasuwa. Irinsa ne ya ɗauke malamin Dakta Michel Mirowski, shi kuwa ya ɗaura ɗamarar ƙera 'yar na'urar da za ta zauna a jikin mutum tana gadi. Manyan likitoci suka ce aikin banza ne. Shi da abokin aikinsa Morton Mower suka shafe shekaru suna gwaji a kan karnuka, har 1980, lokacin da Dakta Levi Watkins ya dasa ta farko a jikin ɗan Adam a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka.

Yau likita kan tsaga fata a saman ƙirji, ya sa na'urar a ciki, ya zura siririyar waya ta jijiya har cikin zuciya. Da bugu ya ɓaci, na'urar ta saki lantarki, zuciya ta daidaita. Da irinta ɗan ƙwallo Christian Eriksen ya koma taka leda bayan faɗuwarsa a fili a 2021.

Ni dai waɗanda suka fi burge ni su ne ma'aikatan asibiti da ba a jin sunansu. Shekara da shekaru suna duba batir, suna karanta abin da na'urar ta adana, suna saita ta kada ta fizgi mutum ba dalili, don fizgar akwai zafi. Su ne kuma ke lallashin majinyacin da fargaba ta hana barci.