Jinjina ga Masu Ciyayya

Ciyayya, wato al'adar da magidanta ke fito da abincin gidajensu su ci tare a zauren wani dattijo bayan sallar Magariba, tsohuwar hanya ce ta korar kaɗaici a ƙasar Hausa. Yara kan jera akusan tuwo a bakin tabarma, a riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya, har gwauro da baƙo da wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba su ƙoshi, asirin kowa a rufe. Idan aka kwana biyu ba a ga wani ba, akan tashi yaro ya dubo lafiyarsa. Matan da ke tuƙa tuwon a cikin gida, waɗanda ba a cika ambatonsu ba, su suka fi cancantar yabo.