Ranar da Na Tuƙa Jirgin Ruwa a Saman Kogi

Jama'a, na je na gani, kuma har yau zuciyata tana can! Mako guda muka yi a hanyar ruwan Llangollen, wadda ta taso daga Ingila ta shiga Wales, cikin wani siririn jirgi mai faɗin mita 2 da 'yan kai. Amma ku shiga ku sha kallo: ga gado, ga kicin, ga banɗaki. Gida ne sukutum a kan ruwa, kuma kai ne direba da zarar masu ba da hayar jirgin sun nuna maka kan abin.

Mutane ne suka haƙa hanyar nan da diga da shebur, fiye da shekara 200 da suka wuce, don dakon kwal da ƙarfe, doki yana jan jirgi daga gefe. Jirgin ƙasa ya zo ya kashe kasuwar, masu shaƙatawa suka gaje ta. Madalla da wannan gādo!

Abin da ya sace zuciyata shi ne natsuwa. Doka ta hana wuce mil 4 a awa, har mai tafiya a ƙasa yakan jera da kai kuna hira. A Grindley Brook muka hau tudu da jirgi. Sai ka shiga wani ɗaki na ruwa, a rufe ƙofa, a saki ruwa ya ɗaga ka, ɗaki uku a jere kamar matakala.

Sai gadar Pontcysyllte. Allahu Akbar! Thomas Telford da William Jessop ne suka tsara ta, aka buɗe ta a 1805: kwami ne na ƙarfe cike da ruwa, tsawonsa mita 307, an ɗora shi a kan ginshiƙan dutse, mita 38 sama da Kogin Dee. Gefe ɗaya akwai hanyar ƙafa da shinge. Ɗaya gefen kuwa babu komai sai iska. Na riƙe matuƙi, tsikar jikina ta tashi, tsuntsaye suna shawagi a ƙarƙashina. Ba banza UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihin duniya a 2009 ba.

Duk wanda Allah ya kai Birtaniya, kada ya tsaya a Landan. Ya nemi jirgin nan, ya bar agogo a jaka. Ni dai da muka kai ƙarshen gadar, roƙo na yi mu juya mu sake hayewa.