Ted Chiang da Tsohuwar Mas'alar Ƙaddara

A da, idan aka ambaci ƙagaggen labarin kimiyya, abin da ke fara faɗo wa mai karatu a rai shi ne kumbo da taurari da halittun wata duniya, kamar yadda Umaru Dembo ya kawo mana cikin Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, shekarar da Amurkawa suka taka wata. Amma tun wajen ƙarshen ƙarnin da ya shige sai ga wani sashe na ma'abota wannan fanni sun rage ɗokin na'ura, sun koma tuntuntuni a kan mas'alolin da malaman tauhidi suka daɗe suna kai-kawo a kansu. A ganina wannan juyi alheri ne ga fannin, kuma babu inda ya fi bayyana kamar a alƙalamin Ted Chiang, Ba'amurke ɗan asalin Sin wanda aka haifa a 1967.

Mutumin ba mai yawan rubutu ba ne, gama abin da ya tara tun daga 1990 gajerun labarai ne, takwas a kundin Stories of Your Life and Others na 2002, tara kuma a Exhalation na 2019. Wanda ya tsince su ɗai-ɗai cikin mujallu zai zaci kowanne da inda ya fuskanta, alhali wanda ya karanta su a jere zai tarar tambaya guda ce take ta sake riga: idan mutum ya san abin da zai auku, kuma ba shi da ikon kau da shi, mene ne ya rage masa na zaɓi?

Dubi hikayar fatake da ya kafa a Bagadaza ta zamanin halifofi, wadda ta fito a 2007 ta ci lambobin Hugo da Nebula. Wani ɗan kasuwar yadi, Fuwad bin Abbas, wanda nadama ta cinye shi domin ya rabu da matarsa cikin fushi, bango kuwa ya rufta mata a masallaci kafin ya komo daga fatauci, ya sami wata ƙofa da ke mai da mutum shekara 20 baya. Ya shiga ta Alƙahira, guguwar hamada da 'yan fashi suka tsare shi a hanya, ya iso Bagadaza bayan mai aukuwa ta auku, bai sami kome ba face saƙon da ta bari, wanda da bai yi tafiyar ba da ba zai taɓa jin sa ba. Marubuci mai neman tafi da ya bar shi ya ceci matar. Chiang ya hana shi, ya ba shi tuba da natsuwa a maimakon haka, kuma hanin nan shi ne ƙashin bayan labarin. Haka ma wata malamar harsuna ta labarinsa na 1998, wanda aka mayar fim ɗin Arrival a 2016, da ta koyi rubutun baƙin halittu har ta hango rasuwar 'yar da ba ta riga ta haifa ba, duk da haka ta yarda ta haife ta. Ɗalibin da ya zauna gaban malami ya ji saɓanin Jabariyya da Ƙadariyya, da matsayar Ash'ari a kan kasbu, ba zai ji baƙunci a nan ba, ko da yake shi marubucin ya sha faɗin cewa ba mai addini ba ne, kuma ta ƙofar lissafi da ilmin fiziya ya shigo zauren.

Sai dai tara labarai wuri guda, yadda yake bayyana hikima, haka yake tona aibi. Da yawa daga mutanensa ba su da jini a jika, bakuna ne kawai da aka ara domin su furta hujja, har mai karatu ya kan ji kamar darasi ake biya masa. Labarinsa na 2001 kuwa, inda mala'iku ke saukowa da halaka da waraka ba bisa wani mizani ba, Musulmi zai karanta shi da ƙunci, domin an suranta Mahalicci da iko an cire hikima da adalci, wanda kuwa ya cire waɗannan bai warware mas'alar ba, wata dabam ya ƙirƙira.

Inda na fi jin numfashin bil'adama shi ne labarinsa na 2013, wanda rabinsa ya faru a ƙasar Tibi: yaro ya koyi rubutu wurin ɗan mishan, gardamar nasaba ta taso tsakanin dattawa, ya je ya ɗauko takardar da Turawa suka rubuta shekarun baya yana zaton ta yanke hukunci, sai dattijon garin ya ƙi karɓarta, domin shi abin da ke gabansa zaman lafiyar dangi ne a yau. Chiang bai ba takardar gaskiya duka ba, bai kuma ba dattijon ba, ga shi kuwa ya jera ƙissar da ta wani uba na zamani mai zuwa, wanda na'urar adana hotunan rayuwa ta nuna masa cewa mugun kalamin da ya shekara yana ɗora wa 'yarsa daga bakinsa ya fito.