Zuciyar Bature Da Zuciyar Bahaushe

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata kalmar Ingilishi wadda ku ke gamuwa da ita tun cikin littattafanku na farko, watau "heart". Malami ya ce muku ma'anarta zuciya, kuka rubuta cikin littafin aiki, kuka wuce. Gaskiya malami ya faɗa, amma rabin magana ke nan. Sauran rabin shi ya ke kā da yara wajen fassara, har ya kan kā da manya masu aikin tafinta. Shi za mu duba yau.

Mu fara da inda harsunan biyu suka yi daidai. In ana nufin tsokar nan da ke cikin ƙirji, wadda girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, mai ɗaki huɗu, mai bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya ga babban mutum in yana hutawa, to, "heart" ita ce zuciya, ba gardama. Amma Bature bai tsaya nan ba, Bahaushe ma haka. Kowannensu ya ɗora wa kalmarsa kaya, kayan kuwa ba iri ɗaya ba ne.

Ina Turawa suka samo nasu kayan? Mutanen dā sun ɗauka cikin zuciya a ke tunani. Aristotal, babban masanin nan na Girka, ya koyar da cewa zuciya ce mazaunin ji da hankali, ƙwaƙwalwa kuwa aikinta sanyaya jini kurum. Daga baya likitoci suka warware wannan. Ibn al-Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira cikin 1288, ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu daga wannan sashe na zuciya zuwa wancan. Cikin 1628 William Harvey, likitan Ingila, ya buga littafin da ya nuna zuciya ce ke tura jini ya kewaye jiki duka ya komo. Cikin 1967 kuma Christiaan Barnard ya dasa wa wani mutum zuciyar wani a Afirka ta Kudu. Tun daga nan an yi wa dubban mutane irin wannan aiki, kowa kuwa ya kan farka da tunaninsa, da sanin danginsa, ba na mai zuciyar ba. Duk da haka harshe bai sauya ba, don harshe ya fi ilmin likita tsufa. Har kalmar "courage", watau jaruntaka, da "record", watau ajiye labari don tunawa, tushensu "cor" ne, sunan zuciya da Latin.

To, ga inda tuntuɓe ya ke. In Bature ya ce da mutum "heartless", ko ya ce "he has no heart", nufinsa mutumin ba shi da tausayi, mai ƙeta ne. Yaro ya ɗauki alƙalami ya rubuta, "ba shi da zuciya". Ashe ya sauya zargin ɗungum. Wanda Bahaushe ya ce ba shi da zuciya, shi ne rago, mara kishin kansa, wanda a ke wulakantawa ya komo gobe yana murmushi. Azzalumin da Bature ke nufi, watakila ya fi kowa zuciya a wurin Bahaushe. Dalili kuwa, Bature ya ajiye tausayi da ƙauna cikin "heart", mu kuwa cikin zuciya muka ajiye fushi da kishin kai. Shi ya sa in aka ce yaro ya yi zuciya ya ƙi cin tuwo, ba inda "heart" za ta shiga cikin fassarar. Haka son zuciya. In ka juya shi kalma da kalma, Bature zai zaci wata ƙauna ce mai daɗi, alhali kuwa kwaɗayi da son kai a ke nufi.

Sa'an nan ku lura, abin da Bature ya tara wuri ɗaya, Bahaushe ya rarraba shi ga gaɓoɓi dabam dabam. "To learn by heart" shi ne haddacewa, mu kan ce ya iya da ka. Kun ga kai ya karɓi aikin. "To lose heart" shi ne karaya, gwiwa ta yi sanyi, "to take heart" kuwa samun ƙarfin gwiwa. "His heart sank", gabansa ya faɗi, ko jikinsa ya yi sanyi, gwargwadon abin da labarin ya nuna. "A light heart" farin ciki ne, "a heavy heart" baƙin ciki. "The heart of the town" tsakiyar gari, "the heart of the matter" gundarin magana. Kai, da gwiwa, da gaba, da ciki, duk sun raba gādon kalma guda. Akwai dai inda harsunan su kan yi kiciɓis, kamar "wholeheartedly" da mu kan ce da zuciya ɗaya, amma kada wannan ya rūɗe ku. Kama da wane ba ta wane.

Kada wani ya ce ai wannan wasan malamai ne, iyakarsa a rage wa yaro maki. Cikinku akwai waɗanda za su tsaya tsakanin likita da majinyaci. Tsohuwa ta zo asibiti ta ce zuciyarta na tashi. Amai ta ke ji, ciki ne ya ɓaci. In tafinta ya ambaci "heart", ya aika likita neman ciwo inda babu shi. Haka kuma kalmar "heartburn". Duk da sunanta ba ruwanta da zuciya, ruwan tsami ne na ciki ke hawowa maƙoshi, Hausa kuwa tana da sunansa tun kaka da kakanni, watau ƙwannafi. Wanda ya fassara ta "ƙunar zuciya" ya mai da ciwon ciki baƙin ciki.

Laifin wa ke nan? Galibi na gajeren jerin kalmomi ne, irin wanda a ke rubuta Ingilishi a hagu, Hausa a dama, kamar an ɗaura musu aure. Yana da amfani ga mai fara koyo, amma ya kan sa yaro ya zaci kowace kalma tana da abokiya guda tak. Babban ƙamus, irin na Bargery da aka buga cikin 1934, ya kan nuna kalma cikin magana, don nan ne halinta ke bayyana. Ku dubi kuma aikin Abubakar Imam cikin Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa cikin 1937. Ya ɗebo labaru daga Larabawa da Turawa da mutanen Hindu, amma ya tuɓe musu tufafin ƙasarsu ya sa musu riga da hula, har mai karatu ba ya jin baƙunci ko kaɗan. Ma'ana ya ɗauko, ya bar kalmomin a gidansu.

Saboda haka, in kun gamu da "heart" cikin karatu, kada ku yi garaje. Ku karanta jimlar duka, ku gane abin da mai maganar ke nufi, sa'an nan ku tambayi kanku, da kakata ce za ta faɗi wannan, yaya za ta ce? Abin da ta ce, shi za ku rubuta. In ta ce zuciya, madalla. In ta ce gwiwa ko ciki, ku bi ta, don ta fi jerin kalmomi sanin Hausa. Allah ya ba ku fahimta, amin.