Sharhi A Kan Wata Takardar Tallar Gida

Malamanmu sun koya mana cewa duk rubutun da aka yi don jan hankalin mutum yana da jigo da salo, ko da talla ce. Saboda haka da na je hutu Katsina na tarar da wata takardar talla a ɗakin kawuna, sai na ce bari in auna ta da ma'aunin da muke auna waƙa. Kawun nan nawa haifaffen Babban Duhu ne, a ƙasar Safana, fataucin hatsi ya ba shi abin hannu. Wani dillali ne ya kawo masa takardar, an fassara ta da Hausa, tana tallar sababbin gidaje a wata unguwa ta Dubai da ke kewaye da filin wasan golf. Har Kawu ya fara zancen sayar da gonar gado don ya biya kashin farko.

Jigon takardar shi ne kwanciyar hankali, kuma a nan dole in yaba wa marubucin, don ya san inda ke yi mana ƙaiƙayi. Wanda ya tashi a gefen dajin Rugu ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa garuruwanmu. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar, cikin ƙasar Batsari. Mutumin da ya shekara yana tsoron kwana a gidan ubansa, in ka nuna masa katanga da mai gadi da koriyar ciyawa, ai ka gama da shi.

A wajen salo ne muka raba hanya. Tun daga farko har ƙarshe marubucin da lokaci mai ci yake magana: yara suna wasa, iska tana kaɗawa. Alhali kuwa ko harsashi ba a haƙa ba, hotunan ma zanen kwamfuta ne. Lokaci mai zuwa ya kamata ya yi amfani da shi. Wannan ba kuskuren nahawu ba ne, dabara ce, don a mantar da mai karatu cewa alkawari zai saya. A tsakanin 2008 da 2009 farashin gidaje ya faɗi da kusan rabi a Dubai, gine-gine da yawa suka tsaya, waɗanda suka biya tun a takarda suka sha jira.

Ba ƙarya ba ce duka. Tun 2002 aka yarda baƙo ya mallaki gida a wasu unguwannin Dubai, kuma mai gidan da ya kai dirhami miliyan 2 yana iya samun izinin zama na shekara 10. To, amma izinin zama ba zama ɗan ƙasa ba ne. Takardar ta yi shiru a kan kashi 4 cikin 100 na kuɗin rajistar gida, da kuɗin kula da unguwa da ake biya kowace shekara. Ta kuma manta cewa daga Oktoban 2022 zuwa Yulin 2024 an dakatar da ba 'yan Nijeriya biza. Ina amfanin makulli a aljihu in an rufe ƙofar gari?

Babban aibin takardar, a ganina, shi ne yadda ta ari kalmar "gida". In Bahaushe ya ce maka "ina gida?" ba bango yake tambaya ba, mutane yake nufi. Gidanmu yana da zaure inda baƙo zai yi sallama, da rumbu, da maƙwabcin da za a aika wa tuwo. Na duba taswirar nan sau uku, ban ga zaure ba. Wasan da aka gina unguwar dominsa kuwa, Kawu bai taɓa riƙe sandarsa ba. Kalmar da ta dace ita ce "masauki", sai dai marubucin ya san ba mai sayar da gonar gado don ya sayi masauki.

Akwai kuma abin da ya fi ƙona mini rai. Wani rahoto na cibiyar Carnegie ta Amurka a 2020 ya gano gidaje 800 a Dubai masu alaƙa da 'yan siyasar Nijeriya da mutanensu. Kuɗin Kawu guminsa ne, amma in kowane mai hali ya bi wannan layi, wa zai rage ya tsaya wa garin?

Da na karanta masa sharhin nan, sai ya yi murmushi ya ce, "Kai yaro, boko ya koya maka surutu." Na ce, "Kawu, a gafarce ni, a dai sa lauya ya karanta yarjejeniyar kafin a taɓa gonar." Bai ce mini e ba, bai ce a'a ba. Gonar dai tana nan, an shuka mata gero bana. Allah Ya ba ƙasarmu lafiya, amin.