An Tsikari Kakkausa: Yadda Buhari Ya Koyi Shanye Zagi

Ranar 10 ga Mayun 2016, a wata liyafa a fadar Buckingham, Firaministan Birtaniya David Cameron ya tsaya gaban Sarauniya Elizabeth yana ba ta labarin baƙin da za su halarci taron yaƙi da cin hanci da ya shirya a Landan. Kyamara na ɗauka, shi kuwa ya saki baki. Ya ce mata ai har shugabannin ƙasashen da suka yi ƙaurin suna wajen rashawa za su zo, ya kama sunan Najeriya da Afganistan, ya ce mai yiwuwa babu kamarsu a duniya. Shugaban cocin Ingila na lokacin, Justin Welby, ya yi maza ya sa baki cewa shi dai wannan shugaban na Najeriya ba ya cikin masu ci. Amma magana zarar bunu ce. Kafin gari ya waye ta zagaya duniya, kuma a gida an harzuƙa: wasu na cewa Buhari ya tattara nasa ya nasa ya dawo, wasu na cewa sai Cameron ya fito ya nemi gafara.

Washegari Muhammadu Buhari ya yi jawabi a wani zama na ƙungiyar Commonwealth a Marlborough House, aka jefo masa tambayar da kowa ke jira. Bai ɗaga murya ba, bai ɗaure fuska ba. Ya ce shi ba ya neman kowa ya ba shi haƙuri. Me zai yi da ban-haƙuri? Abin da yake nema shi ne a dawo wa Najeriya da dukiyarta da aka sace aka ɓoye a can. Ɗakin ya ɗauki dariya da tafi.

A dubi abin da ya yi a cikin 'yan daƙiƙun nan. Da ya fusata, da labarin ya koma na shugaban Afirka mai saurin hawa. Da ya musa, da an yi masa dariya, don shi da kansa da alƙawarin yaƙar ɓarayin gwamnati ya ci zaɓe shekara guda kafin nan. Da ya nemi a ba shi haƙuri, da an rubuto masa layi biyu na diflomasiyya, magana ta mutu. Sai ya karɓi zagin yadda yake, ya juya shi ya zama takardar bin bashi: in mu ɓarayi ne, to a gidan wa aka ajiye kayan satar? Cameron ne ya koma mai amsa tambaya. Gaskiya kuɗin da suka biyo baya daga Birtaniya ba su taka kara sun karya ba; fam miliyan 4.2 na tsohon gwamnan Delta James Ibori sai a 2021 suka iso. Amma a wannan rana dai, wanda aka zaga shi ya fita da girmansa.

Masu ganin cewa haka Allah ya halicce shi, Bafulatani mai kunya da kawaici, sun manta da 1984. Buharin da ya hau mulki da bindiga ranar 31 ga Disambar 1983 ba ya shanye magana. Shi ya kafa Doka ta 4, wadda ta sa buga labarin da zai kunyata gwamnati ya zama laifi, kuma a ƙarƙashinta aka ɗaure 'yan jaridar The Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara ɗai-ɗai saboda labarin naɗin jakadu. Ko a Mayun 2012, yana ɗan adawa, a Kaduna ya furta maganar nan ta kare jini biri jini idan aka sake maguɗi a 2015, maganar da abokan hamayya suka yi shekaru suna dukansa da ita. Saboda haka sanyin da aka gani daga baya koyonsa ya yi, kuma makarantar ba ta da daɗi.

Ajin farko shi ne tsarewa. Bayan Janar Babangida ya kifar da shi ranar 27 ga Agustan 1985, an ajiye shi a birnin Benin har zuwa Disambar 1988: fiye da shekara uku yana jin abin da ake faɗa a kansa, babu bakin ramawa. Aji na biyu kotu ce. Ya faɗi zaɓe a 2003 da 2007 da 2011, kuma duk sau ukun ya bi shari'a har Kotun Ƙoli. Ta 2003 sai a Yulin 2005 aka yanke ta. Ta 2007 ta kai Disambar 2008, alƙalai huɗu suka ba Umaru Musa 'Yar'aduwa gaskiya, uku suka saɓa. Wanda ya yi watanni yana zaune a benci lauyoyi na yayyaga shi, ba shi da ikon cewa uffan sai an ba shi dama, dole ya gane cewa ba kowace magana ce ake amsawa a ranar da aka yi ta ba.

Yaƙin neman zaɓen 2015 ya gwada wannan karatu. A Janairun shekarar gwamnan Ekiti Ayo Fayose ya sayi shafin farko na wasu jaridu, ya jera hotunan Murtala Muhammed da Sani Abacha da 'Yar'aduwa, shugabannin da suka rasu a kan mulki, ya sa na Buhari a ƙarshe da alamar tambaya. Uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, Patience Jonathan, ta hau dandamali ta ce ƙwaƙwalwarsa ta mutu. Aka ce ba shi da takardar gama sakandare. A cikin duk wannan, maganar takardar ce ya kira 'yan jarida a Kano ya amsa da bakinsa, ya ce ya nemi makarantarsa ta Katsina inda ya gama a 1961 ta fitar da sakamakonsa, domin wannan maganar ce za ta iya hana shi takara a gaban doka. Sauran ya bar wa jam'iyya da jama'a. Tallan Fayose kuwa shi ya ci kansa, har 'yan jam'iyyarsa ta PDP suka riƙa nesanta kansu da shi.

A nan, a ganina, gwanintar take: tantancewa. Tsohon ɗan dambe ba ya kai hannu ga kowace barazana da abokin karawa ya yi masa; yana tsaye, ya san wane hannu ne na tsoratarwa, wane ne na kisa, kuma ƙarfinsa na biyun yake ajiye wa. Sabon shiga siyasa kuwa, da an taɓa shi a gidan rediyo da daddare, kafin asuba ya yi hayar sojojin baka uku su rama masa, gobe a ninka masa, jibi ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Cikin mako guda maganar da mutum ɗari suka ji ta zama ta gari duka. Siyasar Arewa tun zamanin NEPU da NPC cike take da zambo da habaici da waƙar cin mutunci, kuma mai zambo ba abin da yake nema kamar ya ga ya sosa maka rai. In ka nuna ya sosa, ka biya shi ladan aikinsa.

Wata dabarar ita ce karɓe sunan tsokana daga hannun mai tsokana. An rantsar da Buhari ranar 29 ga Mayun 2015, ministoci ba su kama aiki ba sai 11 ga Nuwamba. A tsakani aka laƙaba masa Baba Go Slow. Da ya je Washington a Yulin shekarar ya gana da 'yan Najeriya mazauna can, shi da kansa ya ɗauko sunan, ya ce ya ji ana kiransa da shi, kuma zai ci gaba da tafiya sannu a hankali amma ba tangarɗa. Jinkirin dai ya cutar da tattalin arzikin ƙasa, wannan ba a musu. Amma sunan ya rage zafi tun daga ranar, don ba daɗi a tsokani mutum da abin da yake faɗa da bakinsa yana murmushi. Masu magana da yawunsa sun sha faɗin yadda yake son zanen barkwanci na jaridu, har da waɗanda aka zana shi a ciki. Duk wanda ya san irin fuskar da Mustapha Bulama na Daily Trust yake zana masa a lokacin zai yarda cewa wannan ma wani haƙurin ne.

Babbar jarrabawa ta zo da rashin lafiya. A 2017 ya tafi jinya Landan sau biyu, na biyun daga 7 ga Mayu zuwa 19 ga Agusta. An kashe shi a Facebook ba sau ɗaya ba. Da ya dawo aka ce daga gida zai riƙa aiki saboda ɓeraye sun yi ɓarna a ofishinsa, duniya ta samu abin dariya. Daga nan sai wata sabuwa ta ɓullo, wadda Nnamdi Kanu na IPOB ya fi kowa yayatawa: wai Buhari ya rasu, wanda ke Aso Rock wani Jibrin ne daga Sudan da aka gyara wa fuska. Mutane masu digiri suka zauna suna gwada kunnuwa a hotuna. Ya yi fiye da shekara bai tanka ba.

Sai ranar 2 ga Disambar 2018, a birnin Krakow na Foland, ƙasar da ya je domin taron sauyin yanayi, wani daga cikin 'yan Najeriya mazauna can ya yi masa tambayar gaba da gaba. Ya yi dariya, waɗanda ke zaune kusa da shi ma suka dara. Ya ce shi ne dai da kansa, kuma ya kusa bikin cika shekara 76 da ƙarfinsa. Ya ƙara da cewa mutane da yawa sun so a ce ya mutu a lokacin jinyar, har wasu sun lallaɓa wurin mataimakinsa Yemi Osinbajo suna neman a ɗauke su mataimaki. Wannan ƙarin shi ne gishirin maganar. Bai ambaci sunan Kanu a matsayin abokin faɗa ba, bai kama sunan masu lallaɓawar ba, amma kowannensu ya ji a jikinsa. Masu barkwancin talabijin a Amurka sun yi kwanaki suna wasa da shugaban da ya fito yana rantsuwa cewa shi ne shi, wanda ke nuna cewa ko amsa mai kyau tana da kuɗinta. Da ya yi ta tun makon farko, cikin fushi, a jawabin ƙasa, da jita-jitar ta samu kujera.

Bayan kwana goma sha bakwai, ranar 19 ga Disamba, ya shiga zauren Majalisar Tarayya da kasafin 2019. Shugaban Majalisar Dattawa Bukola Saraki da Kakakin Majalisar Wakilai Yakubu Dogara duk sun riga sun koma PDP, zaɓe saura wata biyu. Duk aikin da ya lissafa, ɓangare guda ya yi masa ihun ƙarya ne, ɗaya ɓangaren ya amsa da Sai Baba. Ya ci gaba da karatunsa da murya ɗaya, ba sauri ba tsayawa. Da hayaniyar ta yi yawa ya ɗago kai, ya tuna musu cewa duniya na kallo kuma ya kamata a ce sun wuce wannan, ya mai da idonsa kan takarda. A ƙarshe ya ɗaga hannu biyu, yatsu huɗu-huɗu, alamar neman ƙarin shekara huɗu. Wato shi ma ya iya tsokana, lokacinta kawai yake jira.

Ba kullum take fita daidai ba. A Oktoban 2016, bayan uwargidansa Aisha ta soki tafiyar gwamnatinsa a Sashen Hausa na BBC, ya so ya kashe maganar da raha a Berlin, ya ce ita ta kicin ce da falo da ɗaya ɗakin. Angela Merkel na tsaye a gefensa. Rahar da za ta wuce a zauren gida ba ta wuce a can ba, ta bi shi har ƙarshen mulki. A Yunin 2021 kuma, da Twitter ya goge wani saƙonsa, gwamnatinsa ta rufe dandalin wata bakwai, har 13 ga Janairun 2022. Mutumin da ya shanye Jibrin na Sudan ya kasa shanye goge layi biyu. Sojan 1984 bai gama tafiya ba ashe.

Akwai kuma inda shirun ya zama aibi, kuma masoyansa na gaskiya ba sa ɓoye wannan. Ranar 12 ga Fabrairun 2020 ya je Maiduguri jaje bayan kisan matafiya a Auno, mutanen da suka ba shi ƙuri'a kamar ba gobe suka tsaya a bakin titi suna cewa ba ma so. Wannan ba zambo ba ne, kuka ne. Fatar da ta kare shi daga Fayose da Kanu ita ce ta sa mutanen Zamfara da Katsina da Borno suka riƙa jin kamar kukansu ba ya isa inda ake so. Tantancewar da ya ƙware a kanta wajen gane zagin da za a ƙyale, ba kullum ta gane ƙorafin da ke bukatar a taso a zo ba.

A Afrilun 2023, a gaisuwar Sallarsa ta ƙarshe a fadar gwamnati, ya roƙi duk wanda ya ɓata wa rai a cikin shekara takwas ya yafe masa. An daɗe ana yi masa gorin cewa ya fi son Nijar da Najeriya, musamman saboda layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wasu ma na cewa asalinsa ɗan can ne. Sai ya ce zai koma Daura ya huta, in kuma aka dame shi da surutu a can, iyaka ba nisa, sai ya tsallaka Nijar.