Kango ko kufai? Nazari a kan hotunan Guy Tillim

1. Littafin *Avenue Patrice Lumumba* (2008) na Guy Tillim, mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, ya tattara hotunan gine-gine daga Mozambik, Angola, Benin, Madagaska, Gana da Kwango. Da yawa daga waɗannan ƙasashe sun bi tafarkin gurguzu, suka sake shi wajajen 1990.

2. Masu sharhi da Faransanci kan kira irin waɗannan wurare *ruines*. Hausa ta fi rarrabewa: kango gini ne da rufinsa ya tafi, kufai kuwa wurin da mutane suka tashi. A ganinmu, ƙarfin aikin Tillim shi ne ya nuna abin da bai shiga ko ɗaya ba. Babban otal na Beira, wanda aka gina zamanin Turawan Fotugal aka rufe a 1963, cike yake da iyalai. A ofisoshin Lubumbashi ma'aikata na zaune gaban tarin takardu. Tsarin ya mutu, jama'a na nan.

3. Rauninsa yana wajen magana. Rubutun da ke ƙarƙashin hoto bai wuce sunan wuri da shekara ba. Ba mu ji yadda mazauna ke kiran ginin, ko abin da suke tunawa. Mai kallo daga nesa sai ya cike giɓin da tausayi, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

4. Wannan ya shafe mu. Nijar ba ta yi mulkin gurguzu ba, an ma haramta Sawaba a 1959. Amma gwamnati ta riƙe cinikin gujiya ta hanyar SONARA da ƙungiyoyin UNCC tun 1962, har farin 1973-1974 ya karya noman. A Kona da sauran ƙasar Tasawa da Mayahi, wannan zamani bai bar manyan benaye ba. Alamarsa tana cikin gonakin da suka koma gero da wake, da kalmomi irin su *koperatif* da *mangaza* a bakin tsofaffi.

5. Don haka duk mai son ɗaukar hoton wannan sauyi, sai ya haɗa da naɗar maganar manoman da suka auna gujiya a lokacin, tun suna raye.